Uwar Wuta a Gwangwanin Biskit

"To su fedojin naka, wuta nawa kowace take ci?"

Daga bakin ƙofar shagon kayan kiɗa Amarya ta tsinci tambayar, tana tsaye da jakar cefane a hannu, idonta a ƙasa kamar mai neman allura. Mai shagon ce ta yi ta, wata dattijuwa mai tabarau a karan hanci. Wanda aka jefa wa kuwa mijin Amarya ne, wanda kaf layinsu ake kira Injiniya.

Ba injiniyan komai ba ne. Shagon kwafin takardu yake tsaro. Wata rana ce fankar shagon ta tsaya, ya kai mata mari, ta tashi. Tun daga ranar ya raɗa wa kansa sunan, ya daina amsa na ainihi. Bayan injiniyanci yana taɓa gita, har ya tara fedoji huɗu, ƙananan akwatunan ƙarfen nan da ake jerawa a ƙasa a taka da ƙafa su sauya wa gita murya. Wata ta sa ta gurnani, wata ta sa ta rawar sanyi, wata ta sa ta magana ta hanci. Kowace da cikinta, batir kuma ya ishe shi da mutuwa ana tsakiyar waƙa. Shi ya sa ya zo neman abin da zai ba su wuta daga soket, don ranar Asabar maƙwabcinsu Mai Aski zai buɗe sabon shago, Injiniya kuma ya yi rantsuwa zai yi kiɗan da sai an ji shi a ƙarshen titi.

"Wuta nawa?" Injiniya ya yi dariya. "Mama, wuta ai wuta ce."

"Ba haka ba ne, ɗana. Yawancinsu bolt tara suke so, ba ƙari. Sannan ka duba ɗan zanen da ke gefen ramin: alamar ɗebewa a tsakiya, ta tarawa a gefe. Adaftocin gida kuwa galibi akasin haka suke zuwa, in ka sa su sai su ƙona maka kaya." Ta ɗora wani ƙaramin akwati a kan teburin shagon. "Wannan kowace feda da ƙofarta. Babu mai sa wa 'yar'uwarta ƙugi."

"Ni kike karanta wa darasin wuta, Mama? Ni da wuta ta ja ni ta ja ni, har ta gaji ta sake ni?"

"Ai da alama ba ta sake ka da wuri ba."

Wasu samari biyu da ke duba ganguna suka tuntsire. Nan Injiniya ya ture akwatin da ɗan yatsa, ya ce abin da zai ƙera da hannunsa, ita da kanta za ta zo tana roƙo ya sayar mata. Don kada a ce ya fita hannu rabbana, ya sayi maɗaurin gita mai ƙyalƙyali kamar bayan kifi.

Amarya ta bi shi a baya. Ba fedojinsa huɗun ne damuwarta ba. Akwai ta biyar.

Ta biyar ɗin ta Yayanta ce, wanda da gita yake ci da iyalinsa. Tsohuwa ce, fentinta duk ya goge, an daina ƙera irinta tun Amarya ba ta san kanta ba. Aikinta amsa-kuwwa: ka kaɗa sau ɗaya, ta yi ta maimaita maka kamar kogon dutse. Yaya bai taɓa ba kowa aronta ba. Injiniya ya roƙa an hana shi, sai ya tura matarsa. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi Yaya komai ba. Ya daɗe yana kallonta kafin ya naɗe fedar a tsumma ya sa mata a hannu.

"Auta, ke na ba, ba shi ba. Batir na ciki, shi kaɗai take ci. Kada a soka mata wayar kowa. Wannan maɓallin na tsakiya kuma kada a murɗa shi har ƙarshe. Ranar Asabar zan biyo in karɓa. In ta mutu, ni da mijinki ba magana, ke zan tambaya."

"Ba abin da zai same ta, Yaya."

Shi ke nan, ta yi alkawari.

Sa'ar da ta ci ita ce, Injiniya ya ce ba zai fito da fedar Yaya wajen gwaji ba. Babban baƙo, in ji shi, ba a zaunar da shi tare da masu share wuri.

Gwajin farko, ya ɗauko ɗan adaftan da ya zo da ɗaya daga fedojinsa, ya feɗe wayar da haƙori, ya yi mata rassa huɗu. Yana kunnawa sifika ta ɗauki wani ƙugi, zuuuu, kamar an tsokano gidan zuma. Ya kaɗa gita, fitilun fedojin suka lumshe kamar masu jin barci. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, biyu suka ɗauke wuta, sai kuma ga muryar wani mutum ta fito daga sifikar tana ba da labarin wasan ƙwallo.

Gwaggo mai gidan hayar ta leƙo da muciya a hannu. "Yaran nan, firjin wa ke cikawa?"

"Gwaggo, fasaha ce."

"Fasahar ce ke cewa an ci ƙwallo?"

"Wannan ƙari ne. Wasu sai sun sayi rediyo daban."

"To ƙara murya in ji waye ya ci."

Bayan ta tafi ya zauna ya dafe haɓa, ya yi bincike irin na manya, ya gano cutar. "Yunwa ce, Amarya. Baki huɗu, cokali ɗaya. Abinci za a ƙara musu."

"Maigida, matar nan ta ce a duba ɗan zanen..."

"Zane na masu koyo ne. Ga doka guda, ki riƙe ta ko bayan raina: in kai ya shiga rami, magana ta ƙare."

Da wannan dokar ya zagaye layin da feda a aljihu. Duk gidan da ya shiga sai ya zare adaftan wani abu ya gwada a ramin. In ya shiga, ya ce aro, yanzu-yanzu zai dawo da shi. Ya kwaso na dikodar talabijin ɗin Gwaggo. Ya kwaso na cajin injin askin Mai Aski. Ya kwaso na sikelin mai kantin kusurwa, da na fitilar Amarya ta kicin, wanda ko sallama bai yi masa ba.

Gwaji na biyu, ya soka na dikoda a fedar rawar sanyi. Ta yi ɗan tari, ƙyat, wani siririn hayaƙi ya miƙe daga gefenta, ɗakin ya gauraye da ƙaurin roba.

Amarya ta toshe hanci da gefen mayafi. "Maigida, kamar ta ƙone."

"Ƙonewa? Sabunta ce ke fita. Ba ki taɓa ganin sabuwar mota tana hayaƙi ba?"

"Amma fitilarta ta mutu."

"Hutawa take. Ki bar ta."

Kafin la'asar layin ya rikice. Gwaggo ta zauna kallon shirinta, talabijin ya nuna mata shuɗin allo, ta fito tana kiran sunan duk wanda ta sani. Mai kanti ya koma auna sukari da ido, mata suna cewa idonsa ya faye rowa. Can sai ga Mai Aski ya faɗo gidan, a bayansa wani mutum mai ƙiba ɗaure da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa tas kamar ƙwai, rabin kuma daji.

"Injiniya! Injina ya mutu a tsakiyar kan mutum! Ina cajata?"

"Tana aikin ƙasa."

"Ka dubi kan bawan Allahn nan!"

Injiniya ya zagaya mutumin, ya duba ta gaba, ya duba ta baya. "Wallahi ya yi masa kyau. Ka bar shi haka, zuwa Asabar samari za su yi layi suna neman irinsa."

"Ganawar neman aiki nake da ita gobe," in ji mai rabin kai.

"To ka riƙa ba su gefen dama."

Da ƙyar aka raba su. Amarya ta ba Mai Aski aron almakashinta, ta koma bayan labule ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na girgiza. Ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

A ranar ne babban tunani ya sauko wa Injiniya. Me zai sa kowane adafta ya yi aiki shi kaɗai kamar maraya? A haɗa su wuri guda, ƙarfinsu ya taru, a raba wa fedoji su ci su ƙoshi! Ya juye gwangwanin biskit ɗin da Amarya ke ajiye zare da allura a kan gado, ya huda shi da ƙusa. Ya datse kan kowane adafta, na Gwaggo da na Mai Aski da na mai kanti, ya murɗe wayoyin wuri ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, wanda ba ja ba baƙi ba kuma ya sa shi inda ya ga akwai fili. A tsakiya ya kwantar da ƙatuwar cajar kwamfutar shagonsu, mai nauyin bulo, ya ce ita ce shugaba. Ya naɗe komai da salatif, ya rubuta a murfin da jan fenti: UWAR WUTA.

"Ba za a gwada ba?" Amarya ta tambaya a hankali.

"Gwaji na mai shakka ne."

Sai ya bi fedojin ɗaya bayan ɗaya yana zazzage batiransu. Ya kai kan ta Yaya, ya kwance murfin, ya fincike batirin ya wurga kwandon shara. "An gama zamanin bauta. Daga yau kowa nonon Uwa zai sha."

"Maigida, Yaya ya ce..."

"Yaya makaɗi ne. Ni injiniya ne. Kowa da fagensa."

Ta ɗauki tsintsiya. Da ta zo fitar da shara, batirin ya bi ta hannunta ya shige aljihun siket.

Ranar Asabar da yamma ƙofar sabon shagon ta cika. An jera kujerun roba, an ɗaura balan-balan, mai rabin kai ma ya zo da hula har kunne. Mai Aski ya jawo ƙatuwar sifikarsa mai taya, irin mai caji a ciki, wadda ba ruwanta da soket. Injiniya ya shimfiɗa katakon gugar Amarya a ƙasa, ya jera fedoji biyar a kai, ta Yaya a ƙarshe kusa da sifika. Kowace ya soka mata waya daga Uwar Wuta, ya danne da salatif. Ya bi duk maɓallan ya murɗe su har ƙarshe, har da na tsakiyar nan da aka hana. Sannan ya lulluɓe komai da zanin gado, don sai an yi bikin yaye mayafi.

"Amarya, tsaya nan ki yi gadi. Ko ƙuda kada ya sauka. Bari in sa kaya."

Yana shan kwana ta durƙusa kamar mai gyara takalmi, ta zura kai ƙarƙashin zanin. Ta kwance murfin fedar Yaya da kan makulli, ta mayar da batirin, fitila ta kawo. Ta zare wayar Uwar Wuta daga ramin, ta kwantar da kan wayar a gefen ramin, ta mayar da salatif a kai yadda duk wanda ya kalla zai rantse a soke take. Ta kai hannu za ta sassauta maɓallin tsakiya ke nan, ta ji muryar Gwaggo a kanta.

"Ke kuma me kike nema a ƙasa?"

"Ɗan kunnena, Gwaggo."

"Ga su nan biyu a kunnenki."

"Au. To na gani."

Ta miƙe ta koma bayan mata ta rakuɓe. Maɓallin ya zauna yadda yake.

Injiniya ya fito da baƙin tabarau da maɗauri mai ƙyalƙyali, yana tafiya kamar ƙasa ta ci bashinsa. Ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Jama'a! An ce mini sai na sayi akwatin kanti. An ce bolt kaza, an ce ɗebewa a tsakiya. Na ce ni ba a ɗebe mini komai, sai dai a tara mini! Abin da za ku gani yau, babu batir ko ɗaya a cikinsa. Hannun nan ne ya ƙera!"

"Hannun nan ne ya datse mini caja!" Mai Aski ya ɗaga murya.

"Tarihi zai biya ka."

Ya fizge zanin. Aka yi tafi. Ya ɗauki filogin Uwar Wuta, ya nuna wa gabas, ya nuna wa yamma, ya soka a soket ɗin bakin shago, ya ɗaga hannu sama zai sauke a kan gita.

Bai kai ga saukewa ba.

Feda ta farko ta ce fas! Ta biyu ta ce tau! Ta uku dama tun ranar gwaji take hutawa, ba ta ce komai ba. Ta huɗu ta yi wani ɗan kuka kamar ɓera ta saki hayaƙi shuɗi. Murfin gwangwanin biskit ya yi tsalle sama, ya dawo ya faɗa cikin tiren lemo.

Sai fedar Yaya, da ke zaune lafiya lau da batirinta, ta cafke wannan fas ɗin ta shiga aikinta.

Fas. Fas. Fas. Fas-fas-fas-fas.

Da yake an murɗe maɓallin har ƙarshe, maimakon amon ya riƙa raguwa, sai ya riƙa hawa kan kansa. Fas ya zama fuu, fuu ya zama wiii, wiii ya zama wani ihu da ba na mutum ba, ba na dabba ba. Karnukan layi suka amsa. Balan-balan biyu suka fashe. Mai rabin kai ya zabura, hularsa ta faɗi, bai ko waiwaye ta ba.

"Kashe! Kashe!"

"Cikin shirin ne!" Injiniya ya yi ihu yana kore hayaƙi da gita. "Gabatarwa ce!"

"Gabatarwar tashin duniya?" in ji Gwaggo daga bayan kujera.

Ya daka tsalle ya fizge filogin daga soket. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Wiiiii.

Ya dubi filogin. Ya dubi fedar. Tabarau ya zame masa zuwa kan leɓe. Mai Aski ya ruga ciki ya kashe wutar shagon gaba ɗaya, fitilu suka mutu, fanka ta tsaya.

Wiiiiiii.

"Innalillahi! An kashe wuta yana kuka!" Gwaggo ta cire takalmi ta riƙe a hannu. "Yaron nan me ka kira mana?"

Nan fa wuri ya watse. Kujeru suka kife, lemo ya malale, mai kanti ya haye kan benci yana addu'a da ƙarfi. Wani ya kawo bokitin ruwa. Amarya, wadda ba a taɓa jin muryarta a layin ba, ta sha gabansa ta buɗe hannuwa ta ce "A'a!" da ƙarfin da ita ma ya ba ta tsoro. Mutumin ya tsaya cak, ruwan ya zube a kan takalman Injiniya.

Ana cikin haka sai ga Yaya ya ratso jama'a da jakarsa a kafaɗa, ba sauri ba gudu. Tun daga ƙarshen titi ya gane muryar kayarsa. Ya zo ya ɗora ƙafa a kan fedar, ƙyas.

Shiru. Har ana jin lemo na ɗiga daga tebur.

Ya tsuguna ya ɓalle ta daga cikin tarkacen wayoyin da Injiniya ya riga ya tattake, ya kai ta hanci ya shinshina. Ya juya ta, ya sake shinshinawa. Babu ƙauri. Ya danna da hannu, fitila ta kawo. Ya sauke numfashi, ya naɗe ta a tsummanta.

Injiniya ya gyara tabarau. "Ka gani ko, Yaya? An ji mu har ƙarshen titi. Kuma taka kaɗai ta tsira, don hanya ta musamman na yi mata."

"Ni ma hanya ta musamman zan bi, ta gida." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Auta, kin cika alkawari. In kina son wani abu nan gaba, ki tambaya. Ke, ba shi ba."

Ta sunkuyar da kai, ta zauna a kan kujerar da ta rage a tsaye.

Abin da ya biyo baya kuwa, layi aka yi, amma ba na aski ba. Gwaggo da wutsiyar adaftanta a hannu, Mai Aski da tasa, mai kanti da tasa, mai rabin kai kuma ba abin da aka datse masa sai mutunci, amma shi ne a gaba. Suka raka Injiniya har shagon kayan lantarki yana tafe takalmansa na tsiyayar ruwa, yana bayyana musu cewa duk manyan masu ƙirƙira haka aka yi musu.

Da ya dawo gida ya tarar Amarya na tsince ragowar allurai daga kan gado tana zubawa a kofi. Ya zauna a bakin gadon, girarsa ɗaya a babbake, ya zuba wa ƙasa ido. Ta ɗauka nadama ce, har tausayi ya fara kama ta.

"Amarya."

"Na'am, Maigida."

"Kin ga abin da na gani? Na cire batirin da hannuna. Na zare filogi a gaban jama'a. An kashe wutar shago. Amma fedar nan ta ci gaba." Ya miƙe tsaye, idonsa na walƙiya. "Kin san ma'anar wannan? Uwar Wuta ajiye wuta take a cikin kaya! Ta ɗura mata ta ƙoshi! Sauran huɗun raunin ciki gare su, ba laifina ba ne. Wallahi na ƙirƙiro abin da ban ma san na ƙirƙiro ba!"

Ta buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshe: batirin, makullin, salatif ɗin. Ta dube shi, da gira ɗaya da maɗauri mai ƙyalƙyali har yanzu a kafaɗa, yana murna kamar yaron da aka saya wa keke. In ta faɗa masa, gobe Gwaggo ta ji, jibi layi ya ji, abu ɗaya da ya rage masa na taƙama ya tafi, kuma a gwaji na gaba ba zai sake ba ta gadi ba.

Ta rufe bakin. Wannan magana ita da kabarinta.

"Ikon Allah," ta ce.

"Gobe zan fara ta biyu. Babba. Ina cajar wayarki?"

"Ban gan ta ba tun safe, Maigida."

Ta gyara zama a kan filo, inda cajar ke kwance a ƙasa, ta ci gaba da tsintar allurai.